Ƙafar Tsohuwar Mota, Aikin da Ake Bari Sai Kuɗi Sun Ƙare

Gaisuwa ta musamman ga direbobi da masu motoci da makanikai na Bahindi da Bagudo, da na Kaoje da Illo da Lolo, har zuwa Tsamiya a bakin iyakarmu da Jamhuriyar Benin.

Sharhinmu na yau a kan tsohuwar mota ne, irin wadda ta daɗe a ɗore a kan duwatsu a bayan gida, sai kaka ta yi kyau, mai ita ya sayar da shinkafa ko albasa, ya kira bakanike ya ce a tayar da ita. Irin wannan aiki ya yawaita a 'yan shekarun nan, kuma kowa ya san dalili. A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin. A 2023 aka cire tallafin man fetur, darajar naira ta faɗi, mota 'yar Kwatano ta fi ƙarfin mai ƙaramin hali. To, wanda ke da tsohuwar akori-kura ko wagon a ajiye, me zai jira? A ganina tayar da ita dabara ce mai kyau, kuma ina yaba wa masu yin haka. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake raba kuɗin aikin.

Injin ne ke cin kaso mafi tsoka. Daga nan sai fanabita da mai fenti, sai mai kushin, har da mai rubutu a bayan mota. Ranar da za a karɓi mota, aljihu ya bushe, mai ita ya ƙagu ya hau, sai ya ce, "Oga, a ɗan duba mini alaimen." Bakanike ya ja da baya, ya tsuguna, ya kanne ido ɗaya, ya sa yaronsa ya murɗa tayarod kaɗan, ya miƙe ya kaɗe wandonsa ya ce, "Alhaji, ta zauna, Allah ya kiyaye hanya." Kafin wata biyu tayar gaba ta cinye ta gefe guda har waya ta leƙo, sitiyari na fizgar hannu, a koma ana zagin mai sayar da taya. Alhali tayar ba ta da laifi. Awon da ake nema a nan na 'yan milimita ne, kuma babu idon ɗan Adam da zai iya gane shi daga tsugune.

Mu ɗauki Peugeot 504, tunda ita ce uwar tsofaffin motocin ƙasar nan. A 1968 aka fito da ita a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci, aka ci gaba da haɗa 504 a can har bayan shekarar 2000, lokacin Faransa ta daɗe da daina ƙera ta. A wannan shekara ta 1975 ɗin ce wani direba ɗan Suwidin, Ove Andersson, ya lashe tseren Safari na Kenya da 504, a kan hanyoyin jar ƙasa da laka. Wasu kuwa ta Sahara suka iso mana, samarin Turawa na tuƙo su ta Tamanrasset da Arlit da Agadez, su sayar a Nijar ko Benin su koma gida ta jirgi. Ƙafarta ce ta yi mata suna a Afirka: dogon sifirin, shokozoba mai jure gargada, da sitiyari mai bin hannu. A yau a Turai akwai masu tara irin waɗannan motoci, su kwance su noti-noti, su ɗaure da littafin masana'anta a buɗe, don motar da ba za ta fita ba sai ranar hutu. Tamu kuwa ranar kasuwa za ta ɗauki buhuna da mata da yara, ta bi rairayi da ramuka. Ita ta fi buƙatar a auna ta da gaske.

Alaimen awo uku ne, amma ɗaya daga cikinsu ne ya fi cin taya, shi ne tsukewar bakin tayoyin gaba, abin da makanikai ke kira to-in. A tsohuwar mota mai turawa da ƙafar baya, kamar 404 da 504 da 505, ana ɗan tsuke gaban tayoyin biyu zuwa ciki, da abin da bai kai rabin santimita ba. Dalili kuwa, idan mota ta ɗauki hanya, ƙasa na tura tayoyin gaba baya, robobin ƙafa su ɗan ba da kai, tayoyin su buɗe. Wannan 'yar tsukewa ce ke sa su miƙe sak a lokacin tafiya. Mota mai ja da ƙafar gaba, irin su Golf, akasin haka ne: ƙarfin injin na jawo tayoyin ciki, don haka awonta kusan babu tsukewa. Yaron da ya koyi aiki a kan Golf, ya zo ya yi wa Peugeot awon Golf, ya ɓata aiki ko da kuwa ya auna da kyau.

Duk manomi ya san abin da ke faruwa idan aka ɗaura shanun huɗa biyu a karkiya guda, wannan na ja gabas, wancan na ja yamma. Garma za ta tafi, amma shanun sun galabaita kafin hantsi. Haka tayoyin gaba suke idan awo ya kauce. Ga lissafin: tayar da ta kauce da digiri 1 kacal, a kowace kilomita ana jan ta a gefe kimanin mita 17. A tafiyar kilomita 100 kenan an goge ta a kan kwalta fiye da kilomita ɗaya da rabi. Kuma a wil mai inci 14, digiri 1 bambancin kimanin milimita 6 ne kawai tsakanin bakin gaba da bakin baya na wil ɗin. Wannan gugar ba taya kaɗai take ci ba, har da mai, domin injin ne ke biyan wahalar.

Kuna iya gane wannan ciwo da hannunku tun kafin ido ya gani. A shafa tafin hannu a kan tayar gaba daga waje zuwa ciki, a dawo da shi. Idan aka ji santsi a tafiya, a dawowa kuma kaifi-kaifi na kama hannu, to tayar gogewa take yi a gefe. Idan gefen waje na tayoyin biyu ne ke cinyewa, an tsuke da yawa. Idan gefen ciki ne, sun buɗe.

Awo na biyu shi ne jinginar taya, wato ko samanta ya karkata ciki ko waje idan aka dube ta daga gaba. Idan ta jingina fiye da kima, gefe ɗaya ke ɗaukar nauyi, ya cinye sumul babu kaifi, kuma idan jinginar dama da ta hagu ba su zo ɗaya ba, mota za ta riƙa ja wajen tayar da ta fi karkata waje. Na uku shi ne kwanciyar sandar da taya ke juyawa a kanta. Ku dubi ƙafar gaban babur ko keke, ai ba a tsaye take cak ba, samanta ya kwanto wajen mai tuƙi. Wannan kwanciyar ce ke sa kan babur ya miƙe da kansa, kuma ita ce ke dawo da sitiyarin mota tsakiya bayan an sha kwana. Idan ta ragu, mota ta dinga yawo a kan hanya kenan, direba na ta kamo ta.

A nan akwai abin da ya kamata mai 504 ya sani. Ƙafar gabanta irin wadda sifirin ya naɗe shokozoba ce, su zama ginshiƙi guda, kuma masana'anta ba ta bar wurin murɗa jingina ko kwanciya ba. Tsukewa kaɗai ake gyarawa. Saboda haka idan aka auna aka ga taya ta jingina, wani abu ne ya lanƙwashe, ko ya gaji, ko ya ci: ginshiƙin, ko hannun ƙasa, ko roba, ko sifirin ɗin ya zauna, ko ma shasi ya taɓa shan karo. Magani shi ne a nemo abin a canza. Wasu motocin masu hannu biyu, sama da ƙasa, su ne ake ƙara musu ko a rage siraran washa don a daidaita jinginar, kuma a irinsu a kan fara da kwanciya, sai jingina, tsukewa ta zo ƙarshe, domin taɓa na farko na motsa na baya.

Shi ya sa nake cewa alaimen ba daga murɗa tayarod ake farawa ba. A ɗaga mota da jak. A kama taya da hannu biyu, dama da hagu, a girgiza. Idan ta yi ƙwas-ƙwas, a duba kan tayarod da rak ɗin sitiyari. A sake kama ta sama da ƙasa a girgiza. Idan akwai wasa, a sa yaro ya taka birki a sake gwadawa: in wasan ya ɓace, boris ne, in yana nan, bol-join ne ko roba. Duk awon da aka yi a kan ƙafar da ke wasa aikin banza ne, ramin farko zai rushe shi.

Maganar roba kuwa, na san ba kullum ake samun bushin na asali ba, kuma na san gwanintar masu yanka shi daga tsohuwar tayar babbar mota. Sana'a ce da ta rufa wa mutane da yawa asiri. Amma a zauna kusa da mai yankan a lura da hujin tsakiya. Idan ya kauce ko da milimita biyu ne, hannun ƙafar ya gusa kenan, kuma awon da masana'anta ta gina a jikin motar ya tafi. A sa ya yanka na dama da na hagu a zama ɗaya, daga roba ɗaya, girma ɗaya. Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaure notin bushin tamau alhali mota na rataye a kan jak, ƙafa na reto. Da an sauke ta, robar ta murɗe, ta zauna a murɗe har ta yage. A ɗaura notin sako-sako, a sauke mota ta tsaya da nauyinta, a danna gabanta sau biyu ko uku, sannan a shiga ƙarƙashi a ɗaure.

Sai batun tsayin mota, wanda ya shafe mu a wannan yanki fiye da mutanen birni. Saboda rairayi da lodi, mutanenmu na ƙara ganyen sifirin a baya, wasu su sa ƙari a ƙarƙashin na gaba don mota ta tashi. Ban ce kada a yi ba, na san hanyoyinmu, kuma ban manta yadda ambaliyar 2020 ta yi wa hanyoyi da gonakin jihar Kebbi ba, har da nan Bagudo. Amma a sani duk wanda ya canza tsayin mota ya canza awon ƙafarta. Idan baya ya tashi sosai, jikin motar ya sunkuya gaba, kwanciyar da ke miƙar da sitiyari ta ragu, shi ya sa irin waɗannan motoci ke rawa idan babu kaya. Idan kuma aka danƙara lodi baya ya zauna, gaba ya ɗaga, tsukewar ta canza. Don haka sai an gama duk wani aikin sifirin kafin a zo alaimen, kuma a canza sifirin biyu-biyu, kada a haɗa sabo da tsoho. A auna tsayin mota daga ƙasa zuwa bakin madigadi, dama da hagu su zo ɗaya. In da hali, a auna tsukewar babu kaya, a sake aunawa da lodin da motar ta saba ɗauka. Idan bambancin ya yi yawa, ko sifirin ya gaji ko lodin ya wuce ƙa'ida.

Yanzu ga awon kansa, kuma ba ya buƙatar kwamfuta. Abin da yake buƙata shi ne daɓe sumul wanda ba shi da gangara, kamar simintin gaban shago ko dandamalin shanya. Tayoyin gaba su zama girma ɗaya, iska ɗaya. Mai walda zai iya haɗa ma'auni: dogon bututu da zai kwanta a ƙasa a gicciye, da hannu biyu a tsaye masu tsini, ɗaya kafaffe, ɗaya mai zamewa, tsayinsu daidai tsakiyar taya. A miƙar da sitiyari, a tura mota gaba 'yan taku don ƙafa ta zauna, kada a tura ta baya. A sa alli a bakin wil ta baya, daidai tsayin tsakiya, a kowane gefe. A kawo tsinin biyu su taɓa wurin allin, a yi alama a jikin bututun. Sai a janye ma'aunin, a tura mota gaba har taya ta yi rabin juyi, allin ya dawo gaba. A sake aunawa a kan allin nan dai. Bambancin awon baya da na gaba shi ne tsukewar. Hikimar tura motar ita ce, ko wil ɗin ya ɗan lanƙwashe, wuri ɗaya aka auna sau biyu, lanƙwasar ba za ta yaudare ku ba. Jingina kuma igiyar magina mai nauyi a ƙasa ta isa: a sake ta gefen taya, a auna tazararta da bakin wil na sama da na ƙasa, a gwada dama da hagu.

Wajen murɗawa, inda ɓangarorin biyu ke murɗuwa, a raba aikin daidai, rabin juyi nan, rabin juyi can, a tura mota a sake aunawa. Wanda ya murɗa gefe guda kawai, sitiyari ya karkace, sannan ya cire sitiyarin ya mayar da shi a miƙe, ya yi gyaran gangar auzinawa. Motar za ta fi shan kwana ta gefe ɗaya, rak ɗin kuma ba ya tsakiya.

Kada a manta da baya, musamman a akori-kura. Akwai ƙusa ɗaya da ke ratsa tsakiyar ganyen sifirin ta riƙe aksul a wurinsa. Lodi da ramuka na guntule ta, aksul ya zame ta gefe guda, mota ta riƙa tafiya a karkace, wanda ke binta a baya yana hango tayoyinta huɗu. A sa tef daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, dama da hagu. Idan ba su zo ɗaya ba, babu murɗin da za a yi a gaba ya gyara.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon makanikanmu, don girman Allah, su daina. Kada a sa wutar walda a gasa hannun sitiyari don a miƙe shi. Kada a yi wa tayarod walda. Kada a bubbuge bol-join da guduma don ya daina ƙara, a ce ya gyaru. Ƙarfen waɗannan wurare an dafa shi ne a masana'anta da awon zafi na musamman, wuta na kashe ƙarfinsa, kuma ba ya ba da sanarwa ranar da zai karye. Idan kan tayarod ya fice mota na gudu, taya ɗaya ta juya inda ta ga dama, babu ƙwarewar direban da za ta yi amfani. Maigida, idan mai mota ya ce ba shi da kuɗin sabo, gara ka ce masa ya ajiye motar mako guda. Kai ma Alhaji mai mota, rage kuɗin fenti ka sayi kan tayarod.

Kuma idan aka yi lissafi, araha tana wajen awo. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008. Tun daga nan tayar mota daga waje take zuwa, farashinta na bin dala. Mai ƙaramin ƙarfi kan koma wa tsohuwar taya 'yar Beljiyam, wadda dama ta sha rana. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019, kuma jami'an hukumar kiyaye haɗurra sun daɗe suna jan kunne a kan haka. Tsohuwar taya, a ƙafar da ke gogar ta, a zafin bazara, da lodi a kai, ita ce ke fashewa a tsakiyar tafiya.

Wani zai ce, ai akwai injin alaimen na kwamfuta a manyan garuruwa irin su Birnin Kebbi da Sakkwato. Wanda ya sami hali ya je, abu ne mai kyau, yana nuna awo ukun a lokaci guda har da na baya. Sai dai injin aunawa kawai yake yi, ba ya canza roba, ba ya miƙe ƙarfe, kuma ba lalle ne a sami awon motar 1980 a cikinsa ba. A gama gyaran ƙafa a gida tukuna, a tafi da awon motar a rubuce, a ce wa mai injin ya nuna lambar kafin aiki da ta bayan aiki.

Samun awon a rubuce shi ne inda nake jin tsoro. Dattawan da suka koyi aiki a zamanin da Peugeot ke cika tasha, waɗanda suka riƙe waɗannan lambobi a ka, suna tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Ina kira ga shugabannin ƙungiyar makanikai da na ƙungiyar direbobi a yankin nan su haɗa kai: a zuba daɓe guda mai kyau kusa da tasha, a haɗa ma'auni guda na kowa da kowa, a zauna da dattawan nan da duk wanda ke da tsohon littafin masana'anta, a rubuta awon kowace mota da fenti a jikin bango. 

Bayan an gama, a ɗaure notin kulle na tayarod, a fita gwaji a miƙaƙƙiyar hanya. Tun 1972 muke tuƙi a hannun dama, kuma ana gina kwalta da ɗan tudu a tsakiya don ruwa ya gangare, saboda haka idan mota ta ɗan zame dama a hankali, hanya ce. Idan fizga take yi, a musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu. In fizgar ta sauya gefe, taya ce, in ba ta sauya ba, a koma ƙarƙashi. Karkarwar sitiyari a kan gudu kuma aikin balansin ne ko lanƙwasasshen wil, a kai wa mai taya. Sabon sifirin da sabuwar roba sukan ɗan zauna bayan an fara aiki, don haka a dawo da motar kan daɓen bayan mako biyu ko uku a sake aunawa, haka nan duk lokacin da ta faɗa babban rami, da kuma ƙarshen kowace damina.